Shafin Da Na Tsallake

Anti, don girman Allah ki taimake ni, abin nan ya kusa cinye ni. Wata tara ke nan ina ɗauke da shi, ko mahaifiyata ban iya faɗa wa ba.

Ni ɗaliba ce a sashen aikin gona. Bara aka tura mu ƙauyuka mu koya wa mata noman laimar kwaɗi, irin wadda ake ci, ni ce shugabar rukuninmu. Aikin ba wuya: a jiƙa dusar katako, a turara ta a durom, a cusa a leda tare da iri, a jera a ɗaki mai duhu ana yayyafa ruwa. Shawo kan mutanen ne aiki. Su tun kakanni guba suka san ta, ko akuya ba sa bari ta matsa kusa.

Malaminmu ya ba mu littafin hotuna. Shafi na shida ne ke gargaɗin kada a taɓa wadda ta tsiro da kanta, don wata kamarsu ɗaya da tamu amma kisa take yi. Anti, da gangan na tsallake shi. Na ce in na ambaci kisa, wallahi ba wadda za ta dawo gobe. Sai na soya tamu, na ci a gabansu, na ce su daina tsoro. Ƙauye uku na yi haka, har ina jin kaina gwana.

Akwai wata dattijuwa da muke kira Goggo, ita ta fara ɗanɗanawa, ita ta fi kowa himma. Bayan mun koma makaranta ledojinta suka yi fumfuna. Da ruwa ya sauka, sai ga wasu farare tas sun tsiro da kansu jikin ruɓaɓɓen kututture bayan gidanta. Ta tsinko, ta dafa wa mijinta. Ita ciwon haƙori ya hana ta ci. Kwana huɗu ya yi a asibiti, ya cika.

Abin da ya fi kashe ni, ba ta ga laifina ba. Kanta take zagi, wai an koya mata ta kasa riƙewa. Duk mako sai ta kira ni, 'yata kaza 'yata kaza, yaushe zan zo. Ni kuwa in na wuce shagon kafinta na ji warin jiƙaƙƙiyar dusa, sai in ga tsohon nan, mijin nata, a kan bencinsa yana tsokanata wai 'yar boko ta zo ciyar da su abincin kwaɗi. Har muryarsa nake ji. In faɗa mata ne, ko in bar ta da son da take mini?

Ɗalibar da ta kasa haɗa ido da kowa

'Yata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na tausaya miki ƙwarai. Ba ki yi nufin cutar da kowa ba, waɗanda suka tura ku ma sun yi sakaci da ba su bi sawunku ba. Amma ba zan ruɗe ki ba: tsoron nan da kika cire musu shi ne yake kare su, kika cire shi ba ki sa komai a gurbinsa ba.

Kafin maganar Goggo, akwai ta gaggawa. Mata a ƙauye uku suna nan riƙe da maganarki, ga damina tafe. Gobe ki sami malaminku ki faɗa masa komai. Ku koma da shafin nan, ku nuna shi gida gida, ko da wasu za su bar noman.

Ita kuwa Goggo, ki je da ƙafarki, ba ta waya ba, ki tafi da mahaifiyarki. Ki faɗa mata kai tsaye cewa ba mantawa ta yi ba, ba a taɓa gaya mata ba ne. Kada ki je don ta lallashe ki. Tana iya yafewa, tana iya juya miki baya, duk haƙƙinta ne. Baiwar Allah nan tana kwana tana tashi da tunanin ita kaɗai ta kashe mijinta, kuma ke kaɗai ce a duniya za ki iya rage mata wannan nauyin.

Allah ya jiƙan tsohon, ya ba Goggo haƙuri, ke kuma ya ba ki ƙarfin buɗe baki.

Antinku