Gwanjon Sarautar Rum da Alkyabbar Madugu

Zuwa ga Alhaji Maiwada, shugaban kwamitin ajin karatun manya na Gyaɗi-Gyaɗi.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da fatan kuna lafiya, ku da iyali da hada-hadar gyaɗa. Bayan haka, ranku ya daɗe, ni ne Malam Isyaku na Tarauni, wanda kuka ɗauka ya koya wa magidanta karatun boko a rumfar ƙofar gidanku, wanda kuma kuka kora ta bakin ɗan aike. Na so a ce a zaure muka yi wannan magana, daga ni sai ku. Na yi ta zuwa har tayar kekena ta san hanyar, kullum sai a ce kun tafi wajen awo ko kuna barci, alhali ga takalmanku nan a bakin ƙofa. Tun da zaure ya gagara, na kawo maganar fili, duk mai ido ya karanta, marar karatu a karanta masa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar Litinin mai zuwa zan tsaya gaban alƙali, ana tuhumata da shirya wasan kwaikwayo don wulaƙanta sarauta. A wannan zamani na jam'iyyu da laccoci kowa ya san inda irin wannan tuhuma take kai mutum, gidan yari ne. Mutum ɗaya ne a duniya zai buɗe baki ya wanke ni, ku ne, kuma kun yi gum. Saboda haka bari in tuna muku yadda abin ya faru, ko da mantuwa ce ta kama ku.

Na ɗaya. Ba ni na ɗauko Rum na ɗora wa mutane dole ba. Magidanta ne masu gemu, daga Daurawa, daga Babban Giji, daga nan cikin gari, suna barin sana'arsu bayan la'asar su zo su zauna a tabarma suna ba, bi, bo. Suka gaji. Tanko mahauci, wanda ba ya ɓoye abin da ke ransa, ya ce in dai karatun boko iyakarsa ke nan, gara ya koma ya yi fiɗa. Sai na tuna da wani tsohon littafin tarihi da na rage da shi tun ina makarantar midil, na riƙa juya musu labarin sarakunan Rum da Hausa duk ranar Alhamis, in rubuta sunayen a allo su haɗa baƙaƙen da kansu. Sunan Rum ba baƙo ba ne a kunnen Musulmi. Nan da nan rumfa ta cika, har masu tsayuwa. Ku da kanku kuna sa a fito muku da kujera. Da muka zo shirin taron ƙarshen shekara, ku kuka ce a yi wasa, ku kuka zaɓi labarin, domin ranar da na ba da shi kun yi dariya har da riƙe ciki.

Na biyu. Ga labarin, don waɗanda suka ji ƙishin-ƙishin ana cewa wai na ƙaga shi ne in zagi wani. Ya faru a ƙasar Rum shekaru aru-aru kafin a haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An yi wani sarki, Fartinas, dattijo, ɗan talaka, wanda ma ya taɓa koyarwa kafin ya shiga soja. Ya tarar baitulmali a wawashe, masu tsaron fada sun zama 'yan lele, ba a isa a ce musu a'a ba. Ya ce zai gyara. Bai cika wata uku ba suka shiga har cikin gida suka kashe shi. Daga nan suka koma barikinsu suka rufe ƙofa, suka sanar cewa sarautar Rum, da tekunta da biranenta da duk mutanen da ke ciki, ta wanda ya fi biya ce. Mutum biyu suka taya, ɗaya yana ciki, ɗaya yana waje gindin ganuwa yana ɗaga murya, sojoji na kai-komo suna gaya wa wannan abin da wancan ya ce. Na wajen, wani attajiri mai suna Yuliyanus, shi ya ci. Majalisar dattawan Rum ta taru tana rawar jiki ta tabbatar da shi, har da murmushin dole. Talakawa kuwa suka bi shi da ihu da jifa. Wajen wata biyu ya yi yana zulumi, sai ga wani sarkin yaƙi, Safirus, mutumin yankin Tarabulus inda fatakenmu suka sani, ya taso da runduna. Da dattawan nan suka ga inda iska ta juya, su ɗin dai da suka yi masa mubaya'a suka zauna suka yanke masa hukuncin kisa. Iyakar labarin ke nan. Ban ƙara ko gishiri ba, kuma duk wanda ya yi midil yana iya dubawa.

Na uku, kuma a nan maganar take. Rumawa ba sa sa riga irin tamu, mayafi suke yafawa, fari, marar ɗinki. Na je kasuwa na yanko alawayyo, na yafa wa Tanko, wanda zai fito a Yuliyanus, da masu fitowa a dattawa. Kuka fito daga gida kuka gan su jere cikin farin ƙyalle, kuka yi salati. Kuka ce ba za a naɗe rayayyun mutane da likkafani a ƙofar gidanku ba, kuma ku da kuka je Makka ba za ku yarda a yi wasa da abin da ya yi kama da harami ba. Na yi muku bayani cewa tufafin nan shi zai nuna wa 'yan kallo labarin wata ƙasa ce mai nisa. Kuka ce sarki ko na ina ne ai da alkyabba ake gane shi, masu tsaronsa kuma da jan rawani, in ba haka ba mutanen ƙauye za su zaci jana'iza ake. Kuka shiga da kanku kuka fito da alkyabbar marigayi mahaifinku, Madugu, wadda aka ba shi kyauta a zamanin fataucin goro, kuka ɗora wa Tanko da hannunku, har kuna gyara masa wuya. Jan ƙyallen rawunan ma daga kantinku aka yanko. Mutum nawa ne a rumfar ranar? Duk ajin. Na ji wani iri a raina, amma rumfa taku, aji naku, ni ɗan haya ne, na bar su a haka.

Na huɗu. Ranar wasa na zo na tarar an shimfiɗa darduma an kafa kujera ta biyu kusa da taku. Ashe kun gayyato baƙo, wani mai sarauta da ba a daɗe da naɗawa ba. Ba zan ambaci sunansa ko garinsa ba, domin bai yi mini komai ba. Wallahi, tallahi, ban san zai zo ba, ban san komai game da yadda ya sami rawaninsa ba, ban kuma taɓa faɗin ko kalma a kai ba. Ku kuka san shi, ku kuke hulɗa da shi. In akwai wani tsegumi da ke yawo, ku ya kamata ku sani kafin ku zaunar da shi gaban wannan wasa.

To, 'yan ajina 'yan kasuwa ne, da aka zo wurin gwanjo sai suka yi shi yadda suka iya. Tanko cikin alkyabba ya taya, masu jan rawani suka ce albarka. Ya ƙara, suka ce albarka, har ɗaya yana kama hannunsa a ƙarƙashin riga yana matsa yatsu kamar cinikin shanu a kara. Da ya kai inda suke so suka ce sun sallama, wani ya miƙa hannu yana neman la'ada. Wuri ya kaure da dariya, mata ta kan katanga suna guɗa. Na dube ku, ranku ya daɗe, kuna share hawaye da bakin rawani don dariya. Sai baƙonku ya miƙe ya karkaɗe riga, mutanensa suka bi shi, ko sallama babu. Abin da ya gani shi ne mutum cikin alkyabba yana sayen sarauta a hannun masu jan rawani. Ko ni ne shi abin da zan gani ke nan. Da alawayyon aka bari, da Rumawa ya gani.

Na biyar. Washegari kwamiti ya zauna ba a kira ni ba. Aka fitar da magana cewa malamin ne ya shirya komai a ɓoye, kwamiti bai san abin da ke cikin wasan ba sai da ya gani, kuma ana zaton malamin yana da katin wata jam'iyya. Haba, Alhaji! Ni da ko lacca ban taɓa tsayawa saurare ba saboda tsoron irin wannan rana? Aka rufe aji, aka kwashe allo, ni kuma aka aiko mini da sammaci. Yanzu in na ratsa kasuwar Tarauni sai hira ta mutu. Mai gonar da nake aro ya aiko a gaya mini bana zai noma abarsa. Matata Hajara ta daina zuwa suna da biki, domin ta gaji da kallon da ake yi mata. 'Yan ajin kuwa ban ga laifinsu ba. Rabinsu da jarinku suke sayen gyaɗa, sauran a rumfunanku suke. Tanko kaɗai ya zo ya ce zai yi shaida, amma shi ne wanda ya sa alkyabbar, in ya buɗe baki tare za a haɗa mu. Na ce ya zauna gida, yana da 'ya'ya.

Ina ta juyi a kan tabarma ina tunanin labarin nan, sai na ga ashe ban fahimce shi ba lokacin da nake koyar da shi. Da, Yuliyanus nake yi wa dariya, wawan da ya sayi abin da ba zai iya riƙewa ba. Yanzu dattawan nan ne suka tsaya mini a rai. Ba su ɗauki takobi ba, ba su taya ba, ba su sayar ba. Sun dai tafa lokacin da tafi yake da amfani, suka ce ba su san shi ba lokacin da saninsa ya zama hatsari. Ina koya wa magidanta wannan ina ganin halin wasu mutane ne can bayan teku da suka mutu tuntuni. Ban taɓa zaton zan gan shi a rumfar da nake cin abinci ba. Raina ya ɓaci, Alhaji, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Ban taɓa kwana a ɗaure ba.

Na shida. Da taro ya watse a ruɗe, Tanko ya cire alkyabbar ya cusa mini a hannu ya gudu. Na kai ta gidanku, aka ce a mayar mini, ba a san ta ba. Na sake aikawa a naɗe cikin zane, aka dawo da ita, wai kun ce ba ku da alkyabba, ba ku taɓa yi ba. Subhanallahi. Duk tsohon da ke Gyaɗi-Gyaɗi ya ga Madugu cikinta ranar idi. Ni ma ina yaro na gan shi, mahaifina ya ɗaga ni a kafaɗa yana nuna mini. Korata da kuka yi ta yi mini zafi, amma wannan ta fi ba ni mamaki, a ce tsoro ya kai mutum ya yi musun rigar ubansa.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Ba na neman a mayar da ni aiki, ko da yake ina roƙon a buɗe ajin da wani malami, domin akwai magidanta da suka kusa iya rubuta sunansu aka tsayar da su a tsakiya. Ba na so ku ɗauki laifi, domin ni ban ga laifin da aka yi ba, kuskure ne na tufafi, kuma niyyarku ta gudun wasa da likkafani ce. Ku je wurin baƙonku ku gaya masa haka, ku kuke da fuskar da zai saurara. Sa'an nan ranar Litinin ku zo ku faɗa wa alƙali abu biyu: ku kuka zaɓi labarin, ku kuka ba da kayan. Attajiri irinku in ya faɗi haka, iyakarta a yi masa faɗa a ce ya kiyaye gaba. Ni in na faɗa ba mai gaskata ni.

Alkyabbar tana ɗakina, rataye a kan igiya. Hajara tana fitar da ita ta sha iska don kada asu ya ci, tana kuma hana yara taɓawa, ta ce kayan mutumin kirki ne. Ranar Litinin zan naɗe ta in ɗora a bayan keke in tafi da ita, domin ba ni da wani mai tsaya mini sai ita. Za a shimfiɗa ta a gaban alƙali a tambayi dattawan gari ko ta wace ce. Ina fata kafin su amsa, ɗan mai ita ya riga su.

Allah ya ƙara muku lafiya da arziki, ya kare ku daga irin tsayuwar da zan yi, ya ba ku ƙarfin zuciyar faɗin abin da kuka sani. Allah ya jiƙan Madugu, ya kai haske kabarinsa.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Malam Isyaku, Tarauni.