Gidan Kirtani

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da angon naki Kafinta. Ki ce masa Auta na gaishe shi, kuma har yau ina jiran kujerar da ya yi mini alkawari tun ina 'yar makaranta.

Yaya, ba zan yi kewaye-kewaye ba. Mutanen da ke zaune a ƙasan benenmu sun tashi. Ɗaki biyu ne da falo da kicin, ga 'yar baranda, kuma babu matakala ko ɗaya. In kika buɗe tagar ɗakin kwana za ki hango teku ta tsakanin gidaje. Na yi wa mai gidan magana, ya ce zai riƙe mini zuwa ƙarshen watan gobe, bayan nan sai wanda ya riga.

Na ji muryarki a waya ranar nan, kika ce mura ce. Ni fa nas ce, kullum cikin masu fuka nake, na san irin murar da ke sa mutum ya yanka magana gida biyu don ya ja numfashi. Likitanki ma ya gaya miki bara cewa ƙirjinki da sanyin garin nan naku na kan dutse ba za su ƙara shiryawa ba. Nan kuwa ko bargo ba mu mallaka ba. Ba zan ɓoye miki ba, akwai zufa, akwai sauro, masu mota kuma ba sa gajiya da hon. Amma ana jan numfashi ya kai har ciki.

Na san ƙasar nan za ku ratsa daga wannan kai zuwa wancan. Ki dai yi tunani, kafin sanyi ya sake shigowa.

Taki mai kunnen ƙashi,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙarki ta iso, kuma na gode da kulawa. Kin kyauta da kika rubuto maimakon kira. Kin san kunnen mutumin naki, ko a banɗaki na yi raɗa sai ya ji.

Amsata ita ce a'a, kuma zan gaya miki dalili don kada ki ce taurin kai ne irin na tsofaffin malaman makaranta.

Auta, a gidan nan shi ba makaho ba ne. Ƙofofin nan shi ya yi su da hannunsa. A shagonsa na baya kowane abin aiki da ƙusarsa a bango, zai miƙa hannu ya ɗauko zarto ko awartaki ba tare da ya laluba ba. Har yanzu maƙwabta na kawo masa kujeru da durowoyi yana gyarawa. Da hantsi ya dafa katanga ya tafi shagon mai aski su yi ta musu, a hanya yana gaida mutane tun kafin su yi magana, da takunsu yake gane su. Ke ba ki ga shekarar farko da idonsa ya tafi ba. Ni na gan ta. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya koma zaman gefen gado, sai na ja hannunsa zuwa wanka. Da ƙyar ya dawo mutum.

Kin tuna zuwanki na ƙarshe, da kika ga falo bai yi miki ba kika matsar da kujera ɗaya? Ɗinkin na nan a goshinsa. Kujera ɗaya ke nan. To ina ga gida sukutum, da titin da bai san kowa ba, babu shago, babu mai aski?

Ba wai ba na so ba ne. Zancen tagar nan taki ya zauna mini a rai, na sake karanta wurin ya fi a ƙirga. Wasu safiyoyin nakan tsaya riƙe da tsintsiya ina jiran iska ta shiga, ina jin tsoro. Amma ina da abin shaƙa, ina da rigunan sanyi. Allah bai ba mu ɗa ba, shi ke gare ni, ni ke gare shi, kuma ba zan makantar da shi karo na biyu ba.

Bai san zancen likita ba, bai san zancen gida ba. Ki rufa mini asiri.

Ki kula da kanki, ki rage shan ruwan sanyi.

Yayarki

*

Zuwa ga Sarauniyar Surutu,

Ina gaisuwa. In kin ga rubutu ya hau kan rubutu ki yi haƙuri. Wani ɗan allo na yi mai tsagi-tsagi, shi ke riƙe mini layi, sai dai ba ya gaya mini in na kai bakin takarda.

Na ji zancen gida. Kada ki zargi kowa. Ku 'yan boko kun ɗauka in an sa magana a takarda an ɓoye wa makaho ita. Yayarki Malama ba ta san in tana karatu leɓenta na motsi ba, aji ne ya bar mata wannan. Raɗa-raɗa take yi kamar mai koya wa yara. Ina zaune ina shan shayina ta karanta mini wasiƙarki tun daga gaisuwa har sa hannu, da na tambaya ta ce takardar kuɗin wuta ce. Ban taɓa jin takardar wuta mai taga da teku ba.

Zancen likita kuwa, ba sai an gaya mini ba. Mutumin da ke gane zarto ya dakushe daga ƙararsa ba zai kasa gane ƙirjin matarsa ba. Da can daga kicin zuwa igiyar shanya ba ta tsayawa. Yanzu ina jin ta tsaya a hanya, tana yi kamar wani abu take dubawa.

Na san abin da take tsoro. Ni ma shi nake tsoro, ba zan yi miki cika baki ba. Titin da ban san duwatsunsa ba ba abin wasa ba ne. Amma ba na ɗaukar aiki ko in ƙi shi sai na auna.

Ga kirtani nan a cikin ƙunshin. Ki tsaya a bakin ƙofar gidan, ki sa hannun dama a bango, ki bi shi da kirtanin. Duk kusurwa ƙulli ɗaya. Inda ƙofa ta fara ƙulli biyu, inda ta ƙare ƙulli biyu. Taga ki ɗaura mata ɗan ƙyalle. Kowane ɗaki da nasa kirtanin, kuma ki rataya masa wani abu da hannuna zai gane. Ki ja shi ya miƙe, kada ki yi mini awon tela mai sauri. Ki aiko ta shagon mai aski, shi zai karanta mini.

Malama kada ta ji. In na gwada na ga ba zan iya ba, gara ba ta sa rai ba.

Kujerarki tana nan tafe.

Mijin yayarki

*

Zuwa ga Yaya Kafinta, ta bakin mai aski,

Ina gaishe ku duka biyun. Mai aski, don Allah ka karanta yadda na rubuta, ban da ƙari.

Wasiƙarka ta sa ni dariya, daga baya ta sa ni kuka a ɗakin canja kaya, har wata abokiyar aikina ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

Na yi awon. Mai gidan ya tarar da ni a durƙushe ina bin bango da kirtani, ya tsaya yana kallona, na ce masa umarnin injiniya ne. Kirtani mai maɓalli shi ne ɗakin kwana. Mai marfin kwalba kicin. Mai tsohon makulli falo, mai zoben labule ƙaramin ɗaki, mai guntun soso kuma ka san ko ina ne. Tsakanin falo da baranda akwai ɗan tudu, kaurin yatsa biyu, na ɗaura masa ashana don kada ya ɗauke ka.

Tunda awo kake so, ga sauran gaskiyar. Babu wurin shago. Barandar za ta ɗauki ɗan benci, ban da babban teburinka. Iskar nan gishiri gare ta, ƙarfe in ba a shafa masa mai ba tsatsa yake yi nan da nan. Titinmu babu katangar dafawa, kwata ce a gefe, kuma masu babur ba su san girman kowa ba. Mai askin layinmu yaro ne, waƙa yake kunnawa, ba ya musu.

Ban faɗa don in karya maka gwiwa ba. Na fi so ka sani tun daga nan. Kuma na yi alkawari, in kun zo ko cokali ba zan matsar ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don ban san ko in yi miki faɗa ko in gode miki ba.

Kwanakin nan na ga mutumin naki ya canja. In ya shiga baya sai la'asar, ba na jin zarto, ba na jin guduma. Mai aski kuma ya mai da gidanmu wurin zuwa, ya bi ta ƙofar baya yana sunkuyar da kai kamar wanda ya ci amana. Kin san ba na leƙa wajen saboda ƙurar katako. Sai shekaranjiya da na zo wanke masa wando na ga jini ya bushe a ƙafar. Na ɗaga na jikinsa, ƙwaurinsa duk ƙujewa ne, sabo kan tsoho. Ya ce benci ne. Benci da ya san shi tun kafin ya san ni.

Jiya na ɗaura ɗankwali a hanci na zagaya. Filin nan na bayan shago, inda yake jibge ragowar katako, an share shi tas. An kakkafa turaku, an zagaye su da kirtani daidai ƙugu, ga maɓalli, ga marfin kwalba, ga ƙyallaye na lilo. Na gane ƙyallen ma, tsohuwar atamfarki ce. Shi kuma yana tsakiya, hannu a gaba, yana tafiya yana magana shi kaɗai. Ya juya da wuri, turke ya same shi a inda ya riga ya ji ciwo. Ya koma baya ya sake farowa.

Na tsallake kirtanin na nufe shi. Ya tsaya ya karkata kai.

"Malama, ta bango kika shigo. Ƙofa tana can."

Ya zo ya kama hannuna, ya fitar da ni, ya shigo da ni ta inda ƙulli biyu yake. Ya ce nan falo ne, nan za a sa kujerata, nan tasa. Ya ce in ɗaga ƙafa akwai tudu, na ɗaga. Ya kai ni kicin ya nuna mini inda zai kafa mini kantar kwanuka daidai tsawona. Auta, tun da idonsa ya tafi ni ke gaba yana baya. Jiya shi ya ja ni, har muka tsaya gaban wani ƙyalle ya ce ga tagata, in gaya masa abin da nake hangowa. Katangar maƙwabci ce da igiyar shanyarsu. Na ce masa teku.

Da muka zauna na zazzage masa duk abin da ke raina. Na ce kirtani ba titi ba ne, ba ya hon, ba shi da kwata. Na ce shagonsa fa, da abokansa? Ya ce duk kin rubuto masa, kuma bai ce zai ji daɗi ba, wataƙila ya yi shekara bai wuce baranda ba. Na ce to don me?

"Gida na koye shi sau ɗaya, zan sake koyon wani," in ji shi. "Amma wannan gidan in babu takunki a ciki, ban san shi ba."

Tari ya taso mini, ya zauna yana riƙe da hannuna har ya lafa. Yau tun safe nake zagaya ɗakunan nan ina taɓa ƙofofin da ya yi. Har yanzu ina ganin kamar zalunci ne in raba shi da su. Ki ɗan ƙara roƙon mai gidan ya ƙara mana lokaci.

Yayarki

*

Auta,

Ina gaisuwa. Ki ce wa mai gidan mun karɓa.

Babban teburin ya bar wa mai aski, wai ya riƙa tunawa da wanda ke kayar da shi a musu. Kayan aikin da zai tafi da su ya shafe su da mai ya naɗe. Da kansa ya zare ƙusoshin bangon ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a gwangwani, ya ce a bar masa bango guda a baranda. Da ya gama ya daɗe a tsaye yana shafa ramukan. Ban shiga ba.

Kujerarki tana cikin kaya, a ƙarshe dai ya gama ta.

Abu ɗaya nake roƙonki. Ranar da muka iso, in an buɗe ƙofa, kada ki kama masa hannu. Ki bar shi ya shiga gaba.

Sai mun zo.

Yayarki