Fulogi Mai Koren Rubutu

Auyo, Litinin

Yaya Fanna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Zulfa. Wayata ta faɗa kogi, shi ya sa na ba mai kwale-kwale wannan takarda.

Akori-kurar da maigidanki Bakari ya yi wa gyara ta ƙi lafiya. Tari take tana fizga, ko rabin kaya ba ta iya ja. Ga shinkafar mutane jibge a fadama, ga ruwa yana matso hanya. Na duba fulogi: uku masu shuɗin rubutu, ɗaya mai kore. Ni kuwa sababbi huɗu na miƙa masa cikin kwali ɗaya. Ina na huɗun ya shiga? Ba na son zargin suruki, amma ki tambaye shi cikin hikima.

Ƙanenki,
Muttaka

Hadejia, Laraba

Muttaka,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Wace hikima kuma ta rage? Direbobin Auyo sun riga takardarka isowa. Duk gareji an ji cewa Baban Zulfa yana sace fulogin mutane, har wani ya zo ya janye motarsa ba a gama ba. Jiya tuwonsa a rufe ya kwana.

Ya ce ɗaya cikin huɗun ya zo a tsage, sai ya ciro na motarsa ya sa maka don kada ka makara. Ya ce shi ma ba ya son haɗa iri biyu, amma girmansu ɗaya, bai isa ya sa tari ba. Gaskiya ni dai ban ga tsagaggen da idona ba, abin kuma yana cin raina.

Tambayarsa ɗaya ce: yaushe motar ta fara tarin?

Yayarki,
Fanna

Auyo, Alhamis

Yaya Fanna,

Gaisuwa da ban girma. Tsagagge? Kowa ma ya iya faɗin haka.

Ga amsarsa. Daga Hadejia har Auyo lafiya lau ta zo. A tasha na ɗaga bonet zan zuba ruwa, sai idona ya faɗa kan koren. Nan take na fizge wayoyin fulogin gaba ɗaya, na kwance fulogin na jera a kan tabarma don mutane su shaida, sannan na mayar. Tun daga nan take tari. Kin ga baƙon fulogin ya nuna halinsa ke nan.

Ki huta lafiya,
Muttaka

Hadejia, Juma'a

Muttaka,

Salamu alaikum. Bakari ne.

Ba a cire wayoyin fulogi gaba ɗaya. Ɗaya ake cirewa a mayar, sannan a taɓa na gaba, don kowace waya da gidanta. Ina zaton ka musanya ta biyu da ta uku. Juya su ka tayar.

Ga tsagaggen nan a ƙulle cikin leda. A juji bayan gareji na tono shi, ina tonowa yara suna kallona. Ba don kai na nemo shi ba. Yayarka ce ta ce tana son ta gani, wannan kuwa ya fi maganar direbobi yi mini ciwo.

Koren ka riƙe, na bar maka.

Wassalam,
Bakari

Auyo, Lahadi

Yaya Bakari,

Assalamu alaikum. Na juya su. Ta tashi, ko tari ɗaya babu, shinkafa kuma ta fita kafin ruwa.

Yaya Fanna ba ta da laifi, ni na sa mata abin a zuciya. Gobe zan shigo Hadejia da tabarmar nan da direbobin da suka shaida. A ƙofar gareji zan tsaya in ɗaga bonet. Ba zan shigo ciki ba sai ka ce in shigo.

Ƙanenka,
Muttaka