Maɗacin da Aka Cire Daga Lissafi

Zuwa ga Yaya Kemigisa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Baba da yaran. Yaya ƙafar Baba? Ni dai na iso sansanin daji lafiya, an ba ni takalmin roba da adda.

Yaya, aikin nan har yau ban gane kansa ba. Akwai wani yanki a tsakiyar daji da aka kewaye, kowace bishiya an buga mata lamba a ɗan ƙarfe, an ja mata layi da jan fenti. Sai a naɗa igiyar awo a kan layin, a faɗi kaurinta, a wuce. Wadda ta mutu a rubuta abin da ya kashe ta. Shugabarmu Madam Atuhaire ta ce da haka ake sanin ko dajin yana ƙara nauyi ko yana ramewa. Na ce wane ma'auni ne zai ɗauki daji? Aka yi ta mini dariya, daga ranar sunana ya koma Ɗan Gona.

Aikina riƙe tsani. Manyan bishiyoyin saiwarsu kamar bango take, sai an hau sama ake samun layin. Mai hawa wani dattijo ne, Ocen, ba ya ƙaunata ko kaɗan. Da ƙanen matarsa ya so a ɗauka, aka ɗauke ni. Kullum yana sama yana cewa, "Kai Ɗan Gona, tsani aka ce ka riƙe, ba baki aka ce ka buɗe ba!" Ina haƙuri, don kin san babu wani aikin da ke jira na a gida.

Akwai wani tsohon maɗaci da ake aunawa tun kafin a haifi Baba. Wani irin ɓaure ya nannaɗe shi tun daga sama har ƙasa, yana shaƙe shi. Na nuna wa Ocen, ya ce, "To ubanka ne? In mun dawo za mu ga ko ya mutu." Abin ya tsaya mini a rai.

Ki gaishe da Baba. Ƙanenki,
Bagonza

Yaya Kemigisa,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ni jikina lafiya, amma ba na cikin kwanciyar hankali.

Ranar Lahadi bayan an taso coci na ɗauki addata na je wajen maɗacin nan. Kin san a gida in kauci ya kama mangwaro Baba ba ya bari ya kwana. Na sassare jijiyoyin ɓauren duka, har hannuna ya yi kanta. Na dawo ina murna, na ma gaya wa mai dafa mana abinci, a zatona yabo zan sha.

Da safe da muka isa wurin Ocen ya jefar da igiyar awo ya kama wuyan rigata. Ya ce shekarunsa nawa yana shiga yankin nan ko ƙirare bai taɓa ɗauka ba, ko fitsari sai ya fita waje, ga ɗan ƙauye ya zo ya yi masa noma a ciki. Madam ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zafi. Ta kama hannuna ta kai ni bayan bishiyar, ta nuna mini ɗan ƙarfe a jikin ɓauren. Yaya, ashe shi ma yana da tasa lambar. Shi ma ana auna shi. Ta ce in faɗa da bakina me ya kashe shi, don ta rubuta. Na ce mutum. Ta ce wane mutum? Na ce ni.

Ta ce amfanin wurin nan ɗaya ne, hannun mutum bai taɓa shi ba. Na ce to mu tsaya muna kallo abu yana mutuwa? Ta ce eh, kallon shi ne aikin.

Yanzu ba mai cin tuwo da wake tare da ni. In na zauna sai su ja kwanonsu gefe, wani ya ce a ɓoye itacen girki kada likitan bishiya ya yi masa magani. Madam ta ce za ta yi shawara a kaina. Ki sa ni a addu'a, kada ki gaya wa Baba tukuna.

Naki,
Bagonza

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka.

An gama. Madam ta so ta bar ni da gargaɗi, amma Ocen ya rantse ba zai sake taka tsanin da nake riƙe ba. Ya ce hannun da ba ya iya zama wuri ɗaya, ba zai ɗora masa wuyansa ba. Sauran suka bi bayansa. Mai hawa ɗaya ne, masu riƙe tsani kuwa sun cika gari. Jiya ƙanen matar Ocen ya zo, na cire takalmin na ba shi.

Kafin in tattara kayana na je na durƙusa wa Ocen, na ce Baba, na san na yi laifi, abu ɗaya nake roƙo. In kun dawo awo na gaba, ka aiko mini ko maɗacin ya rayu. Ya dube ni ya ce ba wanda zai sake auna shi. Tun da na sa masa hannu, ya rayu ko ya mutu ba zai gaya musu komai ba, an cire shi daga lissafi. Da kansa ya zare lambar daga jikin maɗacin.

Ina nan tafe ranar Asabar a motar kasuwa. Ki fara yi wa Baba bayani kafin in iso, ni ba zan iya ba. Ki ce masa ban yi sata ba, ban yi lalaci ba. In ya tambayi laifin, ki bar ni da shi, don ni ma har yanzu ina ƙoƙarin ganinsa.

Ƙanenki,
Bagonza