Rubutun Tafireta a Na'urar Baba

Unguwar Sarki, Kaduna.

Zuwa ga ƙanena Jamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Umaima da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma yi mana faɗan gishiri a miya.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto maka. Ka san tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, likita ya ce hannun daman nan ba zai dawo ba sai yana motsa yatsun kullum, shi kuwa ya ƙi ƙememe. Gaskiya na tsorata, Jamalu, domin na ga alamar ya sallama. Na'urar wasan da ka aiko don ya riƙa latsawa kuwa, kallo ɗaya ya yi mata ya ce kayan yara ne, kuma rubutun cikinta kamar tururuwa, ba zai wahalar da idonsa ba.

Maigidana Yahaya ya ce ai ana iya sauya samfurin rubutun. Ka dai san shi da karambani. Ya zare katin memorin na'urar ya sa a kwamfuta, ya goge tsohon rubutun bai ajiye kwafinsa ba. Muna kunnawa sai ga 'yan akwatuna sun cika fuskar na'urar, babu harafi ko ɗaya. Inna ta ce garin neman gira an rasa ido. Washegari na kai wa Faruk mai gyaran waya a Babbar Kasuwa, ya ce abin bai lalace ba, sabon fayil za a zuba a ba shi sunan tsohon. Yana nuna min samfurori sai na hangi wani mai kama da bugun tafireta. Nan take na tuna shekarun da Baba ya yi yana buga wasiƙun gwamnati a sakatariya. Na ce wannan za a sa, a kuma ƙara masa girma.

Da na miƙa masa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan ai bugun injinsa ne na ofis. Sai kuma ya hau suka, wai layukan sun matse, a zamaninsu da tuni an dawo da takardar. Ya so ya ga shafi na gaba ko shi ma haka yake, hannun hagu yana riƙe da na'urar, sai kawai na ga babban yatsansa na dama ya lallaɓa ya danna. Sai na fita tsakar gida na sha kukana.

Yanzu kullum bayan la'asar yana wasan jera tubala, yana faɗuwa yana sakewa. Cokali har yanzu yana gagararsa, amma sannu ba ta hana zuwa. Jiya ya sa Faruk ya ƙara girman lambobin wayarsa, ya kuma hana kowa ya danna masa lambarka. Don haka in ka ga kiransa ka ɗauka da wuri, kada ka katse ka ce za ka kira. Shi ya danna lambar da hannunsa.

Ka gaida Umaima, da Ilham, da takwarar Inna Hauwa'u. Inna da Yahaya suna gaishe ku.

Yayarka mai kewarka,
Safara'u