Shafin Da Ba a Sa wa Hannu Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, ya yaran? Ni lafiya lau, sai dai kwana biyu abinci ba ya shiga.

Kin san aikina, ƙera zaren RNA, wani sinadarin ƙwayoyin halitta, da zai tayar da garkuwar jiki ta far wa ciwon daji, irin wanda ya ɗauke mana Baba. To, ya yi, Yaya! Ƙarin da ke jikin ɓerayen gwajinmu ya motse.

A ɗakin gwajinmu, dabarar da ka rubuta a littafinka ba ta zama taka sai wani ya karanta ya sa hannu. Na kai wa abokin aikin nan da na ce muku ya zame mini ɗan'uwa. Ya karanta, ya ce, "Ƙanwata, kin ga safa a hannuna, bari sai gobe." Ni kuwa da kunyar matsa wa babba, ban sake tuna masa ba har mako uku. Jiya shugabanmu ya tara mu ya ɗaga littafin mutumin. Ga tsarina nan a ciki ya kwafe, har da kuskuren da na yi a layi na uku. Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa, don idon mutane.

Ba komai, in dai maganin zai kai ga masu ciwo. Haka nake ta faɗa wa kaina.

Allah ya raya yaran. Ki ce wa Inna ta ci gaba da yi wa aikin addu'a, amma wancan abokin aikin da take haɗawa da ni a addu'a kowace asuba, ta cire shi.

Ƙanwarki