A Bar Mana Bangon Gabas Da Baƙinsa

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali da jama'a, ni ne Iliya tela, mai keken ɗinki a rumfar da ke kallon tsohon zauren fada. Na zo meri, ofishinka, kafin Azumi, na sake zuwa bayan ƙaramar Sallah, kullum sai a ce ka tafi Mayahi taro. Shi ya sa na rubuta a fili.

Na farko. Ranka ya daɗe, ka san zauren nan shi kaɗai ya rage daga tsohuwar fada tun da aka ƙone garin zamanin yaƙi. Ni ban ga sorayen ba, mahaifina ma bai gan su ba. Labarinsu muka gada: bakan gizon rufi da aka ɗaure da azara, zanen magina har saman ƙofa, da sanyin da baƙo daga Tasawa kan shiga ya ƙi fita. Duk sun zama toka. Gyaran da kuka ɗauko na gode da shi, don ni nake ganin yadda damina ke cin ginin.

Na biyu, kuma nan ne kukana. Duk shekara bayan girbi ana gayyar yaɓe, kowane gida da bangonsa. Namu shi ne bangon gabas na ciki, wanda wuta ta lasa. Aikinmu a kansa shi ne kada mu yaɓe shi. Mu gyara indararo, mu toshe rufi, mu kori gara, amma baƙin hayaƙin ba a taɓa shi. Abokan wasa har yau suna ce mana gidan da ya gaji aikin zama. Muna dariya, amma mun san dalili. A gindin bangon nan kakan mahaifiyata ya tare ƙofa har mata da yara suka fice ta baya, shi bai fita ba. Ba shi da kabari. Sarkin da ya dawo da garin ya ce a bar bangon yadda yake, ya ba gidanmu amanarsa.

Na uku. Masu aikinku sun shafe bango uku da siminti da farar ƙasa. Shugabansu, mutumin kirki ne, ya ce mini baƙin nan datti ne, za su wanke na huɗun bayan Sallar Layya. Ban ga laifinsa ba, baƙo ne. Amma a garin nan an rasa wanda zai ce masa ya tsallaka hanya ya tambaye mu? Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Juma'ar da ta wuce na kai mahaifiyata, Inna Hajo, wadda idanunta suka mutu tuni. Ta bi bango da tafin hannu kamar yadda ta saba. Ta ji santsin siminti, ta tsaya, ta ce na yi ɓatan kai na kawo ta gidan likita. Haka ta yi ta lalube har hannunta ya faɗa kan bangon gabas. Ta shafa, ta sunsuna tafinta, ta ce yawwa, ga Kaka nan. Ban iya gaya mata abin da ke tafe ba.

Roƙona bai da yawa. A dakatar da aiki a kan bangon nan. A kira dattijai da mai martaba a ji ta bakinsu. Rufin da ke samansa kuwa, ni da 'ya'yana mun ɗauke muku shi, dama namu ne.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama mulkinka lafiya, ya jiƙan magabatanka da namu. Inna ta ce in sake kai ta bayan Sallah. Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ta tarar da shi.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Iliya tela, ɗan Inna Hajo.